Sandarewar Tsohuwar Kwamfuta Yayin Ɗora Mata Manhaja: Dalilai da Hanyoyin Magancewa

1.0 Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 2000 kwamfuta ta fara zama kayan aiki a ofisoshi da makarantun Jihar Jigawa. A shekarar 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, kuma a zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. Bayan haka hukumar JAMB ta fara gudanar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta hanyar kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da jarrabawar gaba ɗayanta kan wannan tsari a 2015. Daga wannan lokaci, ɗalibin da bai taɓa sa hannu a kan allon rubutu ba yana shiga ɗakin jarrabawa ne da nakasu, komai ƙoƙarinsa a aji.

Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, idan aka tura shi koyon aikin koyarwa a wata makaranta a Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, ba kasafai zai tarar da sabuwar kwamfuta ba. Abin da ya fi yawa shi ne 'yar gwanjo, wadda ta gama aiki a wani ofishi a Turai ko Amurka kafin ta iso nan, ko kuma wadda aka kawo makarantar shekaru da dama da suka wuce, ta yi ta kwana a sito. Ranar da aka fito da ita domin a ɗora mata manhaja, sai ta fara aiki, ta kai wani wuri ta tsaya cik. Sau da yawa a nan ake yanke mata hukuncin mutuwa, a mayar da ita sito, alhali abin da ke damunta bai fi ƙura ko batir ɗan ƙarami ba. Wannan babi zai yi bayanin dalilan da ke kawo irin wannan tsayawa, da yadda malami zai bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda matsalar take.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Hausa tana da kalmomi da dama da ake amfani da su wajen bayyana tsayawar na'ura. Akan ce mota ta cije, ruwa ya daskare, jiki ya sandare. A wannan babi an zaɓi kalmar sandarewa, domin ita ce ta fi dacewa da halin da ake magana a kai: kwamfuta tana kunne, hoto yana kan allon kallo, amma ba ta amsa umarni. Wannan ya bambanta da mutuwa, inda wuta ke ɗaukewa daga jikinta gaba ɗaya, ya kuma bambanta da nauyi, inda take aiki amma a hankali ƙwarai. Sauran kalmomin da za a ci karo da su su ne:

(a) Babbar manhaja: tsarin da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows ko Linux.

(b) Furosesa: ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke yin lissafi da zartar da umarni.

(c) Ram: ma'ajiyar wucin gadi, inda kwamfuta ke baza aikin da take cikin yi. Da an kashe wuta duk abin da ke ciki ya tafi.

(d) Rumbun ajiya: inda manhaja da takardu ke zama ko da an kashe wuta.

(e) Uwar allo: faffaɗan allon da ke cikin akwati, wanda sauran sassa ke maƙale a jikinsa.

(f) Bayos: ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin uwar allo, ita ce ke fara tashi kafin babbar manhaja.

(g) Direba: manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da wani sashe, kamar katin sauti ko firinta.

3.0 Matakan Tashin Kwamfuta da na Ɗora Manhaja

Wanda bai san hanya ba ba zai iya faɗin inda mota ta lalace ba. Saboda haka ya kamata malami ya san matakan da kwamfuta ke bi tun daga kunnawa, domin wurin da ta tsaya shi ne shaida ta farko game da abin da ya tsayar da ita.

Mataki na farko shi ne gwajin kai. Da an danna maɓalli, bayos zai duba furosesa da ram da allon kallo da allon rubutu. A kwamfutoci da yawa, ƙara ɗaya gajera tana nufin komai lafiya, yayin da ƙara mai maimaituwa ke nuna akwai sashen da bai amsa ba. Ma'anar kowace ƙara ta danganta ga kamfanin da ya ƙera na'urar. Mataki na biyu shi ne neman inda za a tashi: faifan sidi, ko filas, ko rumbun ajiya. Mataki na uku shi ne kwafo fayiloli daga faifai ko filas zuwa rumbu. Mataki na huɗu shi ne gano sassan na'ura da ɗora wa kowanne direbansa. Mataki na biyar shi ne tambayoyin farko, wato harshe da ƙasa da lokaci da sunan mai amfani, wani lokaci har da neman intanet.

Idan kwamfuta ta sandare a mataki na farko, ba ruwan babbar manhaja, domin ba a ma kai gare ta ba. Laifin yana ga wuta ko ram ko uwar allo. Idan a mataki na uku ne, zargi ya fi karkata ga faifai ko rumbu ko ram. Idan a na huɗu ne, galibi wani sashe ne ya ƙi jituwa da direbansa. Idan kuwa a na biyar ne, a duba kwanan wata da intanet da ƙarancin ram.

4.0 Tabbatar da Sandarewa

Kafin a ɗauki kowane mataki sai a tabbatar cewa kwamfutar ta sandare da gaske. Tsohuwar na'ura takan daɗe a wuri ɗaya tana aiki a ɓoye, kuma kashe ta a irin wannan lokaci yana ɓata abin da aka riga aka kwafa. Akwai gwaji guda uku masu sauƙi. Na farko, a dubi 'yar fitilar rumbu da ke gaban akwati; idan tana ƙiftawa, aiki yana tafiya. Na biyu, a danna maɓallin Caps Lock ko Num Lock; idan fitilarsa ta kama ta mutu yadda aka saba, kwamfutar tana da sauran numfashi. Na uku, a motsa linzami a ga ko kibiya za ta motsa. Idan duk ukun sun ƙi, aka kuma jira kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda ba canji, to sai a danne maɓallin wuta na 'yan daƙiƙoƙi har ta mutu.

Kafin a kashe ta, malami ya rubuta abubuwa uku a littafinsa: rubutun da ke kan allon kallo, da adadin da aikin ya kai, da tsawon lokacin da aka ɗauka tun daga kunnawa. Amfanin wannan zai fito a gwaji na biyu. Kwamfutar da ke tsayawa a wuri ɗaya tak kowane lokaci tana nuna laifin faifai ko rumbu ko direba. Wadda ke tsayawa a wurare dabam-dabam, yau nan gobe can, tana nuna laifin zafi ko ram ko wuta. Wannan rarrabewa kaɗai takan rage aikin bincike.

5.0 Dalilan Sandarewa

5.1 Wutar Lantarki

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa suna da wani ɗan jan makunni a bayan akwatin wutarsu, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Dole ne a duba shi kafin a jona wuta a karon farko, domin idan yana kan 115 aka ba shi wutar nan ƙasar, akwatin wutar zai ƙone nan take.

Bayan wannan akwai matsalar wuta mai rauni. Ɗora manhaja yana sa furosesa da rumbu da na'urar faifai su yi aiki tare a lokaci guda, wato lokaci ne da kwamfuta ke jan wuta sosai. Idan wutar ta yi ƙasa, ko ƙaramin janareta yana sama yana ƙasa saboda an jona masa dutsen guga ko firiji, kwamfutar na iya sandarewa ba tare da ta mutu ba. Maganin wannan shi ne a yi amfani da sitabilaiza, ko na'urar ajiye wuta mai batir, a kuma cire duk wani kaya mai jan wuta daga layin. Shi kansa akwatin wutar yakan tsufa, ƙarfinsa ya ragu. Ana gane haka ne ta hanyar musanya shi da na wata kwamfutar mai lafiya. Haramun ne ga wanda ba gwani ba ya buɗe akwatin wuta, ko tsohon allon kallo mai ƙeya, domin sukan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare su daga soket.

5.2 Zafi da Ƙura

Wannan shi ne dalilin da ya fi shafar ƙasar Gumel. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi wadda ke shiga ko'ina, a Afrilu da Mayu kuma zafin rana yakan haura digiri 40. Ƙurar da fanka ta zuƙa a hunturu ita ce ke toshe haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa, sai ta zame masa bargo a bazara. Furosesa idan ya yi zafi fiye da kima yakan rage gudu, ko ya tsaya, ko ya kashe na'urar domin kare kansa. Alamar wannan ita ce kwamfuta ta yi aiki da sanyin safiya ta sandare da hantsi, ko kuma ta daɗe a gwaji na farko, a na biyu ta tsaya da wuri saboda ba ta huce ba.

Idan za a share, sai a zare wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa sau ɗaya domin ragowar wuta ta fita, sannan a buɗe murfi. A taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai a ciki, musamman a hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa jiki ya tara irin tartsatsin da ake ji idan an cire rigar sanyi. Wannan tartsatsi yana iya kashe ram. A yi amfani da busasshen buroshi mai laushi ko na'urar hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada iskar ta juya ta da ƙarfi. Ba a sa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma. A kwamfutar da ta daɗe a ajiye, ya kamata a duba ko zanzaro ya yi gini, ko ɓera ya ci waya. Tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kansa akwai wani man sanyaya wanda ke bushewa bayan shekaru. Idan an ɗaga ƙarfen, wajibi ne a goge tsohon man a shafa sabo kamar ƙwayar dawa.

5.3 Ram

Ram yana kawo sandarewa ta hanyoyi uku: ƙaranci, ko datti, ko lalacewa. Game da ƙaranci, kowace manhaja tana da mafi ƙarancin abin da take buƙata. Windows XP ta shekarar 2001 tana iya tashi da megabayit 64. Windows 7 ta 2009 tana buƙatar gigabayit 1 ko 2, gwargwadon nau'inta, haka ma Windows 10 ta 2015. Windows 11 ta 2021 kuwa sai da gigabayit 4. Ɗora wa kwamfuta mai megabayit 512 manhajar da ke neman gigabayit 2 daidai yake da ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Game da datti, sai a buɗe maƙallan da ke gefe biyu, a zare sandar ram, a goge haƙoranta masu ruwan zinare da magogin fensir a hankali, a hure ramin, a mayar da ita har maƙallan su rufe da kansu. Idan sanduna biyu ne, a gwada ɗaya a ajiye ɗaya, sannan a musanya. Game da lalacewa, akwai manhajar gwaji ta kyauta mai suna Memtest86+, wadda ake tayarwa daga filas ko faifai. Idan ta nuna kuskure ko guda ɗaya ne, ba a dogara da wannan sanda. Wanda zai sayi wata ya lura cewa ram iri-iri ne, akwai DDR da DDR2 da DDR3, kuma tsagar kowanne tana wuri dabam. Wanda bai shiga da sauƙi ba, ba nasa ba ne, kada a tilasta shi.

5.4 Rumbun Ajiya

Tsohon rumbu faifai ne na ƙarfe da ke juyawa dubban sau a minti guda, da wani hannu mai karatu da rubutu a kansa. Idan wani gurbi ya lalace a jikin faifan, kwamfuta takan yi ta ƙoƙarin rubutu a wurin, sai a ga adadin kwafi ya tsaya a lamba ɗaya, fitilar rumbu kuma ta kama ba ƙiftawa. Ƙarar ƙwas-ƙwas mai maimaituwa alama ce ta rumbun da ke gab da mutuwa. A fara da duba wayoyinsa biyu, ta wuta da ta bayanai. Tsofaffin rumbuna masu faffaɗar waya, waɗanda ake kira IDE, suna da ɗan maƙalli da ke nuna wane ne babba wane ne ƙarami idan biyu suka haɗa waya ɗaya. Idan duka biyun suka ce su ne babba, kwamfutar na iya tsayawa tun a gwajin kai. Na baya, wato SATA masu siririyar waya, waɗanda suka fara yaɗuwa daga 2003, ba su da wannan matsala.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Ɗora sabuwar manhaja yakan share abin da ke cikin rumbu. Kwamfutar makaranta tana iya ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekaru, da rajistar shiga, da takardun ma'aikata, kuma mai yiwuwa babu kwafinsu a wani wuri. Bai halatta malami ya goge rumbu ba sai ya sami izinin shugaban makaranta, ya kuma kwashe abin da ke ciki zuwa filas ko wani rumbun. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5.5 Faifai ko Filas

Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, abin da ake ɗorawa daga gare shi ne ya lalace. Faifan sidi mai ƙarzuwa, ko na'urar faifai da ƙura ta rufe wa ido, ko filas ɗin jabu, duk suna tsayar da kwafi a tsakiya. Gwajin yana da sauƙi: a kai faifan ko filas ɗin wata kwamfutar a gani. Har ila yau, dole filas ya dace da shekarun na'urar. Kwamfutocin da aka ƙera kafin wajajen 2012 galibinsu suna amfani da tsohon tsarin bayos, na bayansu kuma da sabon tsari mai suna UEFI. Filas ɗin da aka shirya domin sabon tsari kawai ba zai tayar da tsohuwar na'ura ba. Abin da za a gani shi ne baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa. Manhajar Rufus, wadda ake shirya filas da ita, tana ba da zaɓi tsakanin MBR da GPT, kuma na farkon ne ya dace da tsohon bayos. An fi so a soka filas a ramukan bayan akwati, domin su ne ke haɗe da uwar allo kai tsaye.

5.6 Bayos da Batirinsa

A jikin uwar allo akwai batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ne ke riƙe agogo, a tsofaffin na'urori kuma har da saitin bayos. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma baya da shekaru duk lokacin da aka zare wuta, saiti ya rikice, wani lokaci kwamfuta ta tsaya tana jiran a danna F1. Kuskuren kwanan wata yana kuma hana ta amincewa da shafukan intanet, abin da kan sa matakin ƙarshe ya yi ta juyawa ba ci gaba. Irin wannan batir ana samunsa wurin masu gyaran agogo. Bayan an canza shi sai a shiga bayos ta hanyar danna F2 ko F10 ko F1 ko Del da zarar an kunna, gwargwadon kamfani, a mayar da saiti yadda ya zo daga masana'anta, a gyara kwanan wata, a adana.

5.7 Rashin Jituwar Manhaja da Na'ura

Windows XP ta fito kafin rumbunan SATA su yaɗu, don haka ainihin faifanta ba ya ɗauke da direban tsarin AHCI. Sai ta kasa ganin rumbu, ko ta nuna shuɗin allo. Ana magance wannan da sauya tsarin rumbu a bayos zuwa IDE. Ita dai XP ta yi suna wajen tsayawa a inda take cewa saura minti 34, lokacin da take ɗora direbobi, kuma galibi wani sashe ne ke riƙe ta. Faifan Windows 7 kuma ba ya ɗauke da direban ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki. Idan an jona linzami da allon rubutu a nan, sai su ƙi motsi, mutum ya zaci kwamfuta ta sandare. Daga Windows 8 ta 2012 zuwa sama, manhajar tana neman wasu siffofi a jikin furosesa waɗanda tsofaffi irin Pentium 4 na farko-farko ba su da su. Windows 11 ta ƙara da sharaɗin na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Ƙa'idar da ta game duka ita ce a cire duk abin da ba dole ba kafin a fara: firinta, da sifika, da modem, da wayar intanet, da duk wani kati na ƙari. A bar allon kallo da allon rubutu da linzami kawai. Bayan an gama sai a mayar da su ɗaya-ɗaya.

6.0 Tsarin Bincike

Babban kuskuren mai koyo shi ne ya canza abubuwa uku a lokaci guda. Ko da kwamfutar ta tashi, bai san wanne ne ya yi magani ba, idan ciwon ya dawo kuma sai ya koma farko. Ƙa'idoji uku ne ke tsare mutum daga wannan: a canza abu ɗaya a kowane gwaji, a fara da abin da ba ya cin kuɗi kafin wanda ke ci, a rubuta sakamakon kowane gwaji.

Alal misali, a ɗauka malami ya tarar da kwamfutoci biyu iri ɗaya a wata ƙaramar sakandare a yankin Gagarawa. Ya ɗora wa ta farko manhaja lafiya. Ta biyu ta sandare ana cikin kwafi, bayan kamar minti ashirin. Tunda filas ɗin ya yi aiki a ta farko, an wanke shi daga zargi. Ya sake kunna ta nan take, sai ta tsaya bayan minti biyar, a wani wuri dabam. Wannan ya rage zargin rumbu, ya ƙarfafa zargin zafi ko ram ko wuta. Wutar kuwa ita ce dai ta yi wa ta farko aiki. Ya buɗe murfi ya ga fankar furosesa tana juyawa da ƙyar, ƙura ta dunƙule a ƙarƙashinta. Ya share, ya bari ta huce, ya sake gwadawa washegari da safe. Idan ta wuce, an gama. Idan ta sake tsayawa, sai ya ɗauko ram ɗin ta farko ya sa mata. In ta tafi, ram ɗinta ne ya lalace, in ta ƙi, sai ya musanya akwatin wuta. Ta wannan hanya, kwamfuta mai lafiya ta zama ma'aunin marar lafiya, ba tare da an kashe ko sisi ba.

7.0 Iyakar Abin da Malami Zai Iya

Akwai inda ya kamata malami ya tsaya. Idan ya ga kafasita, wato 'yan gwangwanayen da ke tsaye a jikin uwar allo, sun kumbura ko suna tsiyayar da wani abu mai launin tsatsa, wannan aikin mai gyara ne. Wannan cuta ta yi yawa a na'urorin da aka ƙera daga wajajen 1999 zuwa 2007. Haka nan warin ƙuna ko hayaƙi yana nufin a zare wuta nan take. Idan za a kai gyara, a tafi da littafin da aka rubuta gwaje-gwaje, a kuma rubuta adadin ram da lambar rumbu kafin a miƙa, domin a tabbatar abin da aka kai shi aka dawo da shi.

Sannan akwai batun zaɓen manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin gama-gari na Windows 10. Manhajar da aka daina tallafa wa tana ci gaba da aiki, amma ba ta samun gyaran tsaro. Ana iya koyar da buga rubutu da ita, amma bai dace a jona ta da intanet ko a shiga asusun banki da ita ba. Akwai nau'o'in Linux marasa nauyi, kamar Lubuntu da antiX da Puppy Linux, waɗanda kyauta ne, kuma ana iya tayar da su daga filas ba tare da an taɓa rumbu ba. Wannan ma gwaji ne mai kyau: kwamfutar da ta yi sa'o'i tana aiki daga filas amma ta sandare da an fara rubutu a rumbu, ta nuna inda ciwonta yake. Ta wannan hanya kuma akan ceto takardun da ke cikin rumbu kafin a goge shi.

8.0 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa sandarewar tsohuwar kwamfuta yayin ɗora manhaja tana da dalilai sanannu: wuta, da zafi da ƙura, da ram, da rumbu, da faifai ko filas, da batirin bayos, da rashin jituwar manhaja da na'ura. An kuma ga cewa wurin da ta tsaya da lokacin da ta tsaya su ne ke nuna inda za a fara dubawa. A yanki irin na Gumel, rigakafi ya fi magani: a rufe kwamfuta da ƙyalle bayan ta huce, a ɗaga ta daga ƙasa, a share cikinta a ƙarshen hunturu kafin shigowar bazara, a kuma riƙa kunna ta lokaci-lokaci ko a lokacin hutu. Kwamfutar da ba za ta iya ɗaukar sabuwar manhaja ba tana iya koya wa aji guda riƙon linzami, da buga Hausa da haruffanta masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kafin ranar da za su zauna gaban kwamfutar jarrabawa.

Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin sandarewa da mutuwa da nauyi a aikin kwamfuta.

2. Kawo matakai biyar da kwamfuta ke bi daga kunnawa zuwa kammala ɗora manhaja, tare da abin da ake zargi idan ta tsaya a kowanne.

3. Me ya sa tsayawa a wuri ɗaya kowane lokaci ya bambanta da tsayawa a wurare dabam-dabam?

4. Yi bayanin yadda hunturu da bazara ke haɗuwa wajen cutar da kwamfuta a ƙasar Gumel.

5. Shugaban makaranta ya ba ka kwamfutar ofis ka ɗora mata sabuwar manhaja. Waɗanne abubuwa za ka yi kafin ka fara, kuma don me?